Mece ce amincewar inshora kafin tiyatar rage ƙiba?

Takarda ce da kamfanin inshora ke bayarwa kafin likita ya taɓa wuƙa, wadda ke tabbatar da cewa shi zai biya kuɗin aikin. A tiyatar da aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi don mutum ya riƙa ƙoshi da ɗan abinci.

Kamfani kan fara duba ma'aunin BMI, wato nauyin jiki idan an gwada shi da tsawo. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1991 ita ce maki 40, ko 35 ga mai ciwon suga ko hawan jini. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 116 ya kai 40. Sai kuma wasiƙar likita, da shaidar an gwada rage ci na watanni.

Su wa abin ya shafa? Galibi ma'aikatan da ke da inshora. A Nijar kuwa, manomin Guci da aka tura babban asibitin Damagaram daga aljihunsa yake biya. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma ban da rage ƙiba.