Hanyoyin Tafiyar Ƙafa a Yankin Speyside na Ƙasar Sikotlan

Speyside yanki ne na karkara a arewa maso gabashin Sikotlan, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya. Ya samo sunansa daga Kogin Spey, wanda ya taso daga wani ɗan tafki a cikin tsaunuka, ya gangara kimanin kilomita 170 kafin ya zuba a teku a Spey Bay. An fi sanin yankin da giyar wiski, domin da yawa daga cikin matatun ƙasar da ke yin ta da zallar sha'ir a nan suke, wajen guda 50. Sai dai akwai wani abin da ke jawo baƙi wanda bai shafi kwalba ba, wato hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki da dazuzzuka da bakin kogi. Abin lura shi ne yawancin hanyoyin nan ba don yawon shaƙatawa aka fara buɗe su ba. Sana'ar wiskin ce ta bi su tun farko, da ta daina buƙatarsu sai matafiya suka gaje su.

Babbar hanyar ita ce Speyside Way. An buɗe kashinta na farko a 1981, daga Spey Bay zuwa Ballindalloch, aka riƙa ƙara ta sannu a hankali har ta kai garin Aviemore a 2000. Yanzu tana farawa daga Buckie, garin masunta a bakin teku, ta ƙare a Newtonmore, tafiyar kimanin kilomita 137. Mai matsakaicin ƙarfi yakan gama ta cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan, yana kwana a garuruwan da ke kan hanya. An kakkafa turaku masu ɗauke da hoton wata ƙaya mai fure, wadda ita ce tambarin Sikotlan, don kada matafiyi ya ɓace.

Yawancin mutane daga teku suke farawa su nufi tsaunuka. Ranar farko a gefen teku ake tafiya, ƙasa shimfiɗe, iska mai sanyi tana kaɗowa. A Spey Bay, inda kogin ke haɗuwa da teku, akan ga dabbobin ruwa da ake kira dolfin suna farautar kifi. A nan kuma akwai tsohon ɗakin ajiyar ƙanƙara na Tugnet, wanda aka gina a 1830 domin adana kifin salmon kafin a tura shi kasuwannin kudu. Daga nan hanya ta juya cikin ƙasa ta bi ta Fochabers, ta hau kafaɗar tudun Ben Aigan cikin dajin da aka shuka don katako, sannan ta gangaro Craigellachie.

A Craigellachie ne labarin hanyar ke fitowa fili. A 1863 aka buɗe layin dogo da ya bi kwarin Spey, kuma zuwansa ya sauya wurin da ake gina matatu. Kafin jirgi, kawo kwal da sha'ir da fitar da ganguna aiki ne na keken doki a kan mugunyar hanya. Da jirgi ya zo sai masu matatu suka fara gini dab da layin. Matatar Cragganmore da aka kafa a 1869 kusa da tashar Ballindalloch misali ce. Bayan kusan shekara ɗari manyan motoci suka ƙwace jigilar, aka daina ɗaukar fasinja a layin a 1965, kaya ma suka tsaya bayan 'yan shekaru. Aka cire ƙarafan, gurbin ya rage. Wannan gurbin shi ne hanyar ƙafa ta yau daga Craigellachie zuwa Aberlour har Ballindalloch, tafiyar kusan kilomita 20. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, wannan kashin ya fi ko'ina sauƙi, har tsofaffi da yara da masu keke suna binsa. Matafiyi zai ratsa wani ɗan gajeren rami da aka haƙa wa jirgi, ya wuce tsofaffin tasoshi irin su Blacksboat da dandamalinsu na nan, ya ƙetare kogin a kan gadar ƙarfe ta jirgi. Lokaci zuwa lokaci ƙamshin jiƙaƙƙen sha'ir da ake dafawa yakan taso daga bayan itatuwa, alamar akwai matata kusa ko da ba a ganinta.

A garin Craigellachie dai akwai gadar da injiniya Thomas Telford ya kammala a 1814, ta narkakken ƙarfe mai baka guda. Ta tsira daga babbar ambaliyar 1829 da ta tafi da gadoji da yawa a yankin, kuma a yau motoci ba sa hawanta. Ba nisa da nan akwai masana'antar Speyside Cooperage, wadda aka kafa a 1947, inda maƙeran ganga ke gyara gangunan katako da hannu. Doka ta ce ba a kiran giya wiskin Sikotlan sai ta yi aƙalla shekara 3 a cikin gangar itacen oak, saboda haka sana'ar ganga ba ta mutu ba. Daga nan wani reshe na kimanin kilomita 7 ya bi bakin Kogin Fiddich zuwa Dufftown, garin matatar Glenfiddich.

Reshe na biyu ya fi wahala, ya kuma fi tarihi. Daga Ballindalloch yake hawa zuwa Tomintoul, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafi tudu a tsaunukan Sikotlan, tafiyar kimanin kilomita 25 ta kwarin Glenlivet. A ƙarni na 18 da farkon na 19 haraji mai nauyi ya sa manoman wannan kwari suka riƙa dafa giyarsu a ɓoye. Wurin ya dace da haka: ga ruwan maɓuɓɓuga, ga makamashi daga baƙar ƙasar fadama da ake busarwa a ƙona, ga nisa da jami'an haraji, waɗanda ake hango su tun daga nesa. 'Yan fasa-ƙwauri sukan ɗora ƙananan ganguna a kan dawaki su bi ta kan tuddai zuwa kasuwannin kudu da na bakin teku. A 1823 majalisa ta yi dokar da ta sauƙaƙa samun lasisi, a 1824 wani manomi mai suna George Smith ya karɓi nasa, ya kafa matatar Glenlivet. Maƙwabtansa ba su ji daɗi ba, har ya riƙa yawo da ƙananan bindigogi biyu don kare kansa. Yau an sa alamomi a wasu daga cikin hanyoyin 'yan fasa-ƙwaurin, ana binsu da rana tsaka ba tare da tsoron kowa ba. Reshen ya hau tudun Carn Daimh mai tsawon mita 570, inda babu itace balle mafaka, kuma hazo kan rufe wurin cikin ɗan lokaci. Ba hanyar ɗan koyo ba ce a ranar da yanayi ya ɓaci.

Wanda ke son hawa kawai sai ya nufi Ben Rinnes, mita 840, kusa da Dufftown. Sa'o'i uku zuwa huɗu sun isa hawa da sauka.

Daga Ballindalloch zuwa kudu matatu suna raguwa, daji yana ƙaruwa. Kashin da ya kai Grantown-on-Spey ya bar layin dogo ya shiga gonaki da hawa da gangara, ga taɓo bayan ruwan sama, kuma matafiya da yawa shi suka fi kuka da shi. Tun kafin a isa Grantown hanya ta shiga gandun Cairngorms, wanda aka kafa a 2003, mafi girma a Birtaniya. A dajin Abernethy akwai ragowar tsohon dajin da ya taɓa rufe tsaunukan ƙasar, kuma a kusa da tafkin Loch Garten ne wani shaho mai cin kifi ya dawo yin sheƙa a shekarun 1950 bayan ya daɗe da ɓacewa. Tsuntsun ɗan ci-rani ne. Idan sanyi ya matso yakan yi ƙaura zuwa Afirka ta Yamma, musamman Senegal da Gambiya.

Abin da ya sa tafiya irin wannan ta yiwu shi ne dokar filaye ta 2003, wadda ta ba kowa 'yancin ratsa yawancin filaye da ƙafa, har da na masu zaman kansu, muddin bai yi ɓarna ba. 'Yancin yana da sharaɗi: a kauce wa shuka da harabar gidaje, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, a riƙe kare kusa da tumaki lokacin haihuwa, a tafi da shara. An yarda a kafa ɗan tanti a kwana, amma ba a yi zaman dirshan ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Afrilu zuwa Oktoba. A watan Yuni rana kan yi kusan sa'a 18 ba ta faɗi ba, abin da matafiyi Musulmi zai yi la'akari da shi wajen lokutan salla. Ruwan sama ba shi da wata, don haka rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi dole ne. A lokacin zafi ƙananan ƙwari masu cizo sukan fito da yamma, sannan akwai kaska a cikin ciyawa, wadda kan ɗauko cutar Lyme, shi ya sa ake duba jiki bayan kowace tafiya. Shiga matata ba ya cikin tafiyar sai ga wanda ya ga dama. Wanda ba ya shan giya zai bi hanyar daga farko har ƙarshe ba tare da ya taka ƙofar ko ɗaya ba.

Masaukai ba su da yawa a ƙananan garuruwan, kuma sukan cika a lokacin bikin wiski na yankin da ake yi kusa da farkon Mayu, saboda haka gara a kama ɗaki da wuri. Aviemore da Newtonmore suna da tashar jirgin ƙasa, amma Buckie ba ta da ita. Wanda zai fara daga teku sai ya sauka a Elgin ko Keith ya ƙarasa da bas.