Hunturun Bonn da Baƙon da Ya Zo Koyon Aiki

Shirin namu na yau zai leƙa birnin Bonn na ƙasar Jamus ne, a bakin kogin Rhine, a tsakiyar watan Disamba.

Bonn ita ce fadar gwamnatin Jamus ta Yamma tun daga 1949, daga baya kuma ta haɗaɗɗiyar Jamus, har lokacin da majalisa da gwamnati suka tattara suka koma Berlin a 1999. Gine-ginen da suka bari ba su zama kufai ba. Ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tare a wasu, ciki har da sakatariyar yaƙi da kwararowar hamada da ta sauyin yanayi, sannan gidan rediyon Deutsche Welle ya ƙauro daga birnin Kolon a 2003. Shi ya sa matasa daga ƙasashe daban-daban, har da na Najeriya da Nijar, ke zuwa garin na 'yan watanni don sanin makamar aiki. Wanda rabonsa ya faɗo a hunturu kuwa, shi ne abin labarinmu.

Kowa a gida sai ya ja masa kunne kan ƙanƙara. To amma Bonn ba garin dusar ƙanƙara ba ne sosai. Abin da ke tarbarsa yayyafi ne marar yankewa, da sama mai launin toka, da duhu. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi na safe, kuma kafin huɗu da rabi na yamma ta faɗi. Da duhu zai fita, da duhu zai dawo.

Ga wani abin sha'awa. Daga ƙarshen Oktoba, idan Turai ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, lokacin Jamus da na Kano da Damagaram ɗaya ne cif. Sai matashin ya kira gida da ƙarfe biyar na yamma, shi tuni ya yi Magariba, fitilun titi sun kama. A can kuwa mahaifiyarsa na tsakar gida, hasken rana na kan katanga, tana tambayarsa, kai lafiya kake magana kamar mai jin barci? A Bonn, Azahar wajen sha biyu da rabi, La'asar biyu da 'yan mintuna, Magariba kafin a tashi aiki: salloli uku a cikin awa huɗu. Wanda bai nemi wani lungu a ofis ya ajiye darduma ba, ramuwa za ta taru masa.

Amma abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai, taga ce. E, taga.

Bahaushe idan hunturu ya kankama, toshe kowace kafa yake yi, ya ja bargo, wani har da kaskon rushi. A Jamus kuwa, ranar da mai gida zai miƙa maka makulli zai gaya maka, wani lokaci ma a rubuce yake cikin takardar haya, cewa kullum ka buɗe tagogi gaba ɗaya, sau biyu ko uku, na minti biyar zuwa goma. A cikin wannan sanyin! Ka kashe hita, ka wangale taga, iska ta ratsa ɗakin, sannan ka rufe. Barin ta a ɗan karkace duk yini ba ya cikin lissafi, wannan asarar ɗumi ce kawai.

Dalilin kuwa ba camfi ba ne. Gidajensu a like suke, iska ba ta da hanyar shiga. Numfashin mutum, tururin tukunya, kayan wanki da aka shanya a ɗaki don babu rana a waje, duk danshi ne, kuma idan ya taɓa bango mai sanyi sai ya zama ruwa. Bayan 'yan makonni sai baƙar fumfuna ta fito a kusurwa, a bayan gado ko kabad. Rigimar wa ya jawo fumfuna, ɗan haya ko mai gida, takan kai har gaban alƙali. Wanda ya zo na wata uku, bai san dawan garin ba, yana iya barin kuɗin ajiyar da ya bai wa mai gida a nan.

Jamusawa ba sa wasa da wannan al'ada. A 2020, lokacin korona, shugabar gwamnatin Jamus ta wancan lokacin, Angela Merkel, da kanta ta ambaci buɗe taga cikin matakan da suka fi araha da tasiri. Aka shawarci makarantu su riƙa buɗewa bayan kowane minti ashirin, yara suka yi ta karatu cikin rigunan sanyi, wasu lulluɓe da bargo.

Rushi kuwa a cikin ɗaki, kul! 'Yan kwana-kwana na gargaɗi kowace shekara, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki kisa take yi ba tare da wari ba.

Lokaci na neman ƙure mana, bari mu taƙaita sauran. Dole baƙo ya yi rajistar adireshinsa a ofishin birni cikin mako biyu da tarewa. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, wanda bai yi cefane ran Asabar ba sai ya nufi tashar jirgin ƙasa ko gidan mai. Robar ruwa ba a yar da ita, akwai santi 25 a kanta idan aka mayar shago. Sannan daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da sinadarin bitamin D, musamman baƙar fata, don haka likitoci kan auna jini su rubuta ƙwaya idan kasala da ciwon gaɓoɓi suka yi yawa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.