Yashi, Kanwa da Gilashi: Sana'ar Sassaƙar Gilashi da Feshin Yashi, da Yadda Ta Shafi Ƙasar Gumel



Abin da zan yi magana a kansa yau wata sana'a ce wadda har yanzu ba ta sami tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba, watau yi wa gilashi ado ta hanyar harba masa yashi da ƙarfin iska. Zan riƙa kiranta sassaƙar gilashi da feshin yashi. Zan kuma ɗora bayanin a kan ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ƙasa ce ta yashi, tsohuwar kasuwar kanwa ce kuma, ga shi kuwa yashi da kanwa su ne uwa da uban gilashi. Sai dai tun yanzu ya kamata in faɗi inda maganar za ta kai mu: yashin nan da Allah ya hore wa ƙasar, shi ne abu na farko da ya wajaba mai wannan sana'a ya nisanta.

Da yake harshe ne fagena, bari mu fara da kalmomi. Kalmar gilashi baƙuwa ce, daga Ingilishi muka aro ta. Kafin ta zo Bahaushe ya san madubi, wanda ya gina daga aikatau duba, kamar yadda ya gina mabuɗi daga buɗe. Ya san kwalba, ya san ƙarau da mata ke zubawa a hannu. Abin lura shi ne kowace daga cikin waɗannan kalmomi sunan wani kaya ne da aka riga aka ƙera, aka kawo kasuwa. A wajen yashi kuwa kalmominmu sun wadata. Akwai yashi mai tsakuwa-tsakuwa na bakin kogi, akwai rairayi mai laushi, akwai turɓaya, akwai jigawa, watau tudun ƙasa mai rairayi, wadda jihar da aka ƙirƙira a 1991 ta ci sunanta. Harshe ba ya tara wa abu sunaye sai masu harshen sun daɗe suna cuɗanya da shi.

To, mene ne gilashi? Gilashin taga da na kwalba, kusan kashi 70 cikin ɗari nasa yashi ne, ko kuma a ce sinadarin da ke cikin yashi, wanda masana ke kira silika. Yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da murhun mutanen da ba ya iya kaiwa. Amma in aka gauraya shi da kanwa sai ya narke a zafin da bai kai haka ba. Da kanwar Wadi Natrun ta ƙasar Masar Rumawa suka daɗe suna yin gilashinsu.

Nan ne Gumel ta shigo cikin labarin. A watan Maris na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Ya rubuta cewa garin shi ne babbar kasuwar kanwar da ake kwasowa daga Kukawa da Muniyo zuwa ƙasar Nufe, kuma Barebari ba safai suke wuce Gumel da kayansu ba, a nan take sauya hannu. Galibin wannan kanwa ta dabbobi ce da tukunya da taba da magani. Amma a can ƙarshen hanyar akwai Masaga, maƙeran gilashi na Bida, waɗanda S. F. Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa kan Nufawa na 1942. Kafin kwalaben Turawa su yawaita har a koma narka su, Masaga da yashi da kanwa suke dafa wani baƙin gilashi nasu mai suna bikini. Saboda haka, a ganina, ba ƙetare iyaka ba ne a ce wata yarinya a Gumel ta taɓa sa ƙarau wanda kanwarsa ta kwana a kasuwar garinsu kafin ta tafi kudu. Binciken da Abidemi Babalola ya yi a Igbo Olokun ta Ile-Ife ma ya nuna ana dafa gilashi a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Gilashi dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Baƙuwar ita ce dabarar sassaƙa shi da yashi.

Wannan dabara wani Ba'amurke ne mai suna Benjamin Tilghman, mutumin Filadelfiya, ya yi rajistarta a 1870. Ana ba da labarin wai ya lura da yadda iskar hamada ke dusashe gilashin taga, ta bar wurin da waya ta kare yana nan garau. Ko labarin ya inganta ko ƙari ne, duk direban da ya daɗe yana bin hanyar Maigatari zuwa Damagaram ya san gilashin gaban mota yakan yi dushi-dushi da 'yan ƙananan ramuka, musamman in ya sha guguwar farkon damina. Abin da iska ke yi a shekaru, shi Tilghman ya sa inji ya yi a daƙiƙoƙi. Kafin shi ana zana gilashi da ƙaramin faifai mai juyawa, ko da wani ruwan guba mai cin gilashi, aikin da ke cin lokaci, na biyun kuma yana cin naman mai yinsa.

Dalilin da ya sa yashi ke cin gilashi shi ne ya fi shi tauri. A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa goma, gilashi yana wajen biyar da rabi, ƙwayar yashi tana bakwai. Ga shi kuma gilashi yana da gautsi. Kowace ƙwaya ta faɗa masa da gudu sai ta ɓantare ɗan mitsitsin wuri, dubbai kuma suna faɗawa a kowace daƙiƙa. Amma in ƙwayar ta faɗa wa abu mai danƙo, kamar roba, sai ta yi tsalle ta koma, ba ta yi ɓarna ba. Sirrin sana'ar ke nan gaba ɗaya: mai tauri ya ciwu, mai laushi ya tsira. Saboda haka mai sana'a yakan lulluɓe fuskar gilashin da leda mai manne ko siririyar roba, wadda zan kira rufi, ya zana adonsa a kai, ya bi zanen da wuƙa mai tsini, ya ɗaye inda yake so yashi ya ci. Sa'an nan ya kawo injin matsa iska irin na masu faci, da tukunyar da ke ɗauke da garin feshi, da bututu mai ƙaramin baki. Da irin wannan tukunya, iskar da ake bukata ba ta fi wadda ake ba tayar ƙaramar mota da wani abin kirki ba.

In an fesa sama-sama, aka ɗaye rufin, sai a sami ado mai fuska biyu, wani wuri fari mai kaushi, wani garau. Wannan ɗan koyo ma yana iyawa a mako guda. Inda gwaninta take shi ne sassaƙa mai hawa-hawa. A ɗauka ana son fitar da dagin Arewa a kan gilashi mai kauri, milimita goma ko sha biyu. Kyan dagi shi ne igiya ta hau wata, ta nutse ƙarƙashin wata. Gwani zai yanka rufin gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowane gutsure lamba. Ya ɗaye na ɗaya ya fesa har ya yi zurfi, ya ɗaye na biyu ya fesa, alhali na ɗayan yana ƙara nutsewa, haka har na ƙarshe wanda ɗan shafa kawai zai samu. Yawanci kuma ta bayan gilashin ake aikin, ta gaba ake kallo, don haka wurin da ya fi zurfi shi ne zai zama kamar ya fi tasowa, rubutu kuwa sai an juya shi kamar na hatimi. Watau mai sassaƙa yana tunani ne a birkice, daga ƙarshe zuwa farko. Ba kuma a mayar da abin da yashi ya ci. In an ɗaye gutsure kafin lokacinsa, sai dai a sayi wani gilashin. A ƙara da cewa gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi, irin na tagogin gefen mota, ba ya jure sassaƙa mai zurfi, yana iya tarwatsewa ya zama tsaki a hannun mutum.

Wannan tunani na rufe wani wuri a bar wani ba sabo ba ne gare mu. Marina suna ɗaure zane ko su ɗinke shi kafin su tsoma a baba, inda aka ɗaure ya fito fari. Dukawa suna tsaga fuskar jar fata su ɗaye ta, farin ciki ya bayyana ya zama ado, kuma daidai haka ake yi wa gilashi mai launi a fuska ɗaya, a cinye launin a bar farin. Masu zanen ƙwarya suna ƙwaƙule bango su bar adon a tsaye. Ni a nawa ra'ayin, yaron da ya tashi a gidan dukanci ko gidan ɗinkin babbar riga, wanda hannunsa ya saba da aska takwas da tambari, ya riga ya yi rabin karatun. Abin takaici ne a ce ƙofofin gilashin da ake kafawa a sababbin gidajenmu furannin ƙasashen sanyi da agwagin ruwa ne a jikinsu, alhali ga namu zane jibge. Wasu ma ba sassaƙa ba ce, leda ce aka manna. In kuna son ganewa ku sa farce a gefen adon. Leda tana da baki mai ɗagowa, aikin ruwan guba santsi gare shi, na feshi kuwa kaushi gare shi, yana kuma riƙe shatin yatsa.

Akwai kuma wata fa'ida da ta dace da zaman gidan Bahaushe. Gilashin da aka fesa yana watsa haske ta ko'ina, haske ya shiga ɗaki, ido bai shiga ba. Mu da muka gina zaure da shigifa don kare cikin gida daga idon baƙo, muka kuma ƙuntata tagogi har ɗakuna suka yi duhu, irin wannan taga ta biya mana bukata biyu. Haka ɗakin haihuwa a asibiti, haka sashen mata a masallaci.

Yanzu sai mu koma kan yashi. Duk saurayin da ya ga wannan aiki a Gumel ko Sule Tankarkar, abin da zai fara zuwa masa shi ne ai kayan aiki kyauta ne, sai ya ɗauki kwano da rariya ya fita bayan gari. To, ƙwayar yashi in ta bugi gilashi ita ma farfashewa take yi, ta zama ƙura wadda girmanta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ido ba ya ganinta, gashin hanci ba ya tare ta, rawani ko ƙyalle a fuska ba ya hana ta wucewa. Takan gangara can ƙarshen huhu ta zauna, jiki ya kasa narkar da ita, sai ya yi ta naɗe ta da tabo har huhun ya ƙandare. Cutar ana kiranta silikosis. Ba ta da magani, tana ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wani zai ce ai mun saba da ƙurar hunturu. Bambancin shi ne ƙurar feshi sabuwar fashewa ce, ta fi cutar da huhu, kuma a ɗaki ɗaya take taruwa a gaban hancin mutum ɗaya, wuni guda, kullum.

Ba zato ake yi ba, an gani. Ingila ta kafa dokar hana feshi da yashi a masana'antun zubin ƙarfe tun 1949. A 1974 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar a daina amfani da shi. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Misalin da ya fi kama da halinmu kuwa shi ne na Turkiyya, inda samari daga ƙauyuka suka shiga ƙananan shaguna a Istanbul suna fesa wa wandunan jins yashi don su yi kamar tsofaffi. Da yawansu sun kamu bayan 'yan shekaru ƙalilan na aiki, wasu suka mutu ba su kai talatin ba, har gwamnati ta hana aikin a 2009. Shagunan nan ƙanana ne, ba iska, ba mai duba su, yashin kuma mai araha ne.

Masu sana'ar na ƙwarai yau sunan yashi kawai ya rage a bakinsu. Suna aiki da garin alminiyam oksaid, irin wanda ke jikin samfefa, mai tauri tara a ma'aunin Mohs, ko silikon kabaid wanda ya ɗara shi. Saya ake yi, amma sun fi yashi ci, ana kuma tacewa a sake zubawa sau da yawa kafin su dakushe, don haka tsadarsu ba ta kai yadda ake tsammani ba. A cikin rufaffen akwati ake feshin, mai tagar leƙe da safar hannu biyu a manne, da injin zuƙe ƙura a bayansa. Mai aikin yana sa takunkumi mai matata na gaske, domin garin gilashin da ake sassaƙawa shi ma ba abin shaƙa ba ne. Akwatin nan ba ya fi ƙarfin mai walda a Gumel. Ba a share shagon da tsintsiya a bushe, sai an yayyafa ruwa.

Ga ma'aikatan da ke tsara cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, shawarata ita ce in za a sa wannan sana'a cikin tsari, a rubuta akwati da injin zuƙe ƙura da takunkumi a layin farko na kasafin, kafin injin iska, domin abin da ke ƙarshen takarda shi ake yankewa in kuɗi ya gaza. Duba-gari kuma in ya shiga irin wannan shago, ya nemi a nuna masa buhun garin feshi, ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ya leƙa bayan shagon ya ga ko akwai tarin yashi da rariya.