Kalmar "gainsay" da ribar da ba ta cikinta

Mai bin sharhin jaridun Najeriya na Turanci ba ya daɗewa bai ci karo da "there is no gainsaying" ba. Da yawa kan ɗauka zancen riba ake yi, tunda "gain" da suka sani riba ce, har wasu marubuta kan raba kalmar gida biyu su rubuta "gain saying". Alhali babu riba a ciki ko ta kwabo.

Wannan "gain" ɗin tsohon tushe ne a Turanci mai nufin kishiya ko fito-na-fito, dangin "against" da "again". Ita kuwa "gain" ta riba daga Faransanci ta shigo, kama kawai suka yi a rubutu. Da aka haɗa tsohon tushen da "say", wato faɗa, sai aka sami faɗin abin da ya saɓa wa maganar wani. Musu ke nan, ko ja da magana. Tun wajen shekarar 1300 ake ganin ta a rubuce, tana kuma cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611.

Abin sha'awa, "contradict" ma haka aka gina ta, sai dai tubalinta na Latin ne: "contra" kishiya, "dicere" faɗa. Baƙuwar ce ta kama bakin jama'a, 'yar gida kuma ta koma rubutu mai nauyi, irin na alƙalai da masu jawabi. Da wuya ka ji Bature ya furta ta a hira.

Inda ta rage ma, kusan kullum tare da korewa take tafiya. Ba a cika cewa wane ya yi "gainsay" ba, an fi cewa abu kaza "cannot be gainsaid". Haka sigarta ta abin da ya wuce take, kamar yadda "say" ke komawa "said". Tana hawa kan magana, tana kuma hawa kan mutum, misali shugaban da babu mai iya ja da shi.

Akwai bambanci tsakaninta da "refute", wadda asalinta rushe magana ce da hujja. Mai "gainsay" cewa kawai ya yi ba haka ba ne. Don haka a ganina "babu musu" ko "ba a ja" sun fi dacewa da "there is no gainsaying" a fassara. "An tabbatar" ta yi mata yawa, domin marubucin bai kawo shaida ba tukuna a wannan jimlar.