Mai Awon Ji: Ma'aikacin da Dashen Kunne Ba Ya Yiwuwa Sai da Shi

A ƙasar Katagum, mai ciwon kunne ya san inda zai nufa. Akwai wanzami, akwai tsohuwar unguwa mai ɗiga ɗumamammen mai, akwai mai kemis a bakin tasha, in abu ya gagara kuma a hau mota zuwa babban asibitin tarayya na Azare. Amma akwai wani ma'aikaci da mutane kaɗan suka san sunan aikinsa, ko da sun taɓa zama a gabansa. Ba ya yanka, ba ya yin allura. Aikinsa shi ne ya auna abin da kunne ke kamawa da abin da ke kuɓuce masa, ya zana shi a takarda, sannan ya nemo hanyar cike giɓin. Shi ne mai awon ji. Yanzu da bidiyon jariran da aka yi wa dashen na'urar ji ke yawo a wayoyinmu, iyaye na kallo suna hawaye, ya dace mu san shi, domin likitan tiyata awa biyu ko uku yake yi a kan mara lafiya, shi kuwa mai awon ji shekaru yake yi tare da shi.

Wurin aikinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kaurin bango, an lulluɓe shi da abin da ke shanye ƙara, yadda hayaniyar babura da ta janareta ba za su shigo ba. Mara lafiya zai zauna ciki da abin sauraro a kunnuwansa, a ce masa duk lokacin da ya ji wani ɗan sauti, kome ƙanƙantarsa, ya ɗaga hannu. Mai awo yana waje yana aika sautuka, daga mai kauri zuwa siriri, yana rage ƙarfinsu sannu a hankali har ya kai inda mutumin ya daina ji. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Lafiyayyen kunne yana kama sautin da bai kai desibel 20 ba, hirar yau da kullum tana kusan 60, wanda kuwa sai an haura 90 yake ji, kurumtarsa ta yi tsanani. Daga nan sai a ɗora wata ƴar na'ura mai girgiza a kan ƙashin bayan kunne. Idan mutum ya ji ta ƙashi amma bai ji ta ramin kunne ba, to hanyar ce ta toshe: dauɗa, ko ruwa, ko dodon kunne da ya fashe, kuma yawanci likita na iya gyarawa. Idan ta ko'ina bai ji ba, ɓarnar tana can ciki, a katantanwar kunne ko a jijiyarta.

Na'ura kowa zai iya koyon danna ta. Gwanintar tana wajen karanta mutum. Dattijo yakan ɗaga hannu don kara, kada ya ba ɗan yaron likita kunya, ko da bai ji kome ba. Yaro mai wayo yakan zuba wa kafaɗar mai awo ido, da ta motsa sai ya ɗaga hannu. Ɗan shekara uku kuma ba ya bin umarni, sai an mai da abin wasa, a ce in ya ji ƙara ya jefa tsakuwa a kwano. Jariri sabon haihuwa ma ana auna shi: akwai na'urar da ke aika ɗan sauti cikin kunne ta saurari amsar da katantanwa ke mayarwa, akwai kuma wadda ake manna wa wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, a ga ko saƙon yana isa ƙwaƙwalwa. Bayan duk wannan sai aikin da ya fi kowanne nauyi, wato fita a fuskanci uwa, wadda tambayarta ɗaya ce: "Likita, zai yi magana?"

Abin da ke kawo mutane wannan ɗaki a yankinmu ba ɓoyayye ba ne. Akwai ƙyanda da hangum, akwai shawarar jarirai da aka bari ta yi ƙarfi, akwai kunnen da ke zubar da mugunya shekara da shekaru ana toshe shi da auduga. Akwai allurai irin su jentamaisin da ake yi ba bisa ƙa'ida ba, akwai mai injin niƙa da ke wuni cikin ƙara tun yana saurayi. Amma uban tafiyar shi ne sanƙarau. Azare da Gamawa da Itas da Shira duk suna cikin zirin da wannan cuta ke kewayawa lokacin zafi. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai da yawa da suka tashi ba ji. A 2024 ma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta ɓulla, shekarar da Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar.

Sanƙarau yana da wata mugunta da iyaye ba su sani ba. Bayan ya kashe ji, katantanwar kunne tana iya fara cikewa da ƙashi cikin ƴan watanni. In ta cike, wayar dashe ba ta samun hanyar shiga yadda ake so. Iyalin da suka ce bari a jira a ga ko jin zai dawo da kansa, suna iya rufe ƙofar da ba su ma san tana buɗe ba.

Na'urar ƙara ji, wadda ake rataya a kunne, ƙarfin sauti kawai take ƙarawa, don haka sai da sauran ji take aiki. Dashe wani abu ne dabam. Likita yana buɗe bayan kunne, ya binne ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata, ya zura siririyar waya cikin katantanwa. A waje kuma akwai makirufo da ƴar kwamfuta da ke mai da sauti ya zama saƙon lantarki, ta aika shi ciki ta wani faifai da maganaɗisu ke riƙewa a jikin kai. Wayar sai ta taɓa jijiyar ji kai tsaye, ta tsallake sashen da ya lalace. An fara gwada taɓa jijiyar ji da lantarki a Faransa a 1957, ta hannun André Djourno da Charles Eyriès. Irin dashen da ake yi yau, mai tashoshi da yawa, ya fito ne daga aikin Ingeborg da Erwin Hochmair a Ostiriya a 1977, da na Graeme Clark a Ostireliya a 1978. Amurka ta amince a yi wa yara daga shekara biyu a 1990, a 2020 ta sauko zuwa wata tara. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa kimanin 736,900 a duniya. A Najeriya ma an yi aikin, a Jos da Legas.

Masu neman dashe iri biyu ne, kuma mai awon ji na ƙwarai ba ya haɗa su. Akwai wanda ya girma yana ji yana magana, rana ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi ya tashi duniya ta yi tsit. Wannan ya san abin da ya rasa. Ɗan kasuwa ne da ba ya iya ciniki ta waya, malama ce da ba ta jin hadda, magidanci ne da yake son ya ji kiran salla da kansa ba sai an taɓa shi ba. Irin waɗannan su suka fi cin moriyar dashe, domin ƙwaƙwalwarsu ta riga ta san magana, hanya kawai take nema. Akwai kuma jaririn da aka haifa ba ya ji. Shi ba shi ke zaɓa ba, iyayensa ne, kuma galibin irin waɗannan iyaye masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Burinsu ya kira su Umma da Baba, ya shiga Islamiyya da boko tare da ƴan'uwansa, ya ji hon na mota a titi. A nan lokaci shi ne kome. Wanda aka yi wa kafin ya cika shekara biyu ko uku yana da kyakkyawar damar koyon magana. Wanda ya kai goma bai taɓa jin sauti ba, zai iya jin ƙara, amma da wuya ta zame masa zance.

Ba a kunna na'urar ranar tiyata. Sai ciwo ya warke, bayan mako biyu zuwa huɗu, sannan a dawo wurin mai awon ji. Zai haɗa ta da kwamfuta ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, a kowace yana neman iyaka biyu: ƙaramin lantarkin da mutum ya fara ji, da mafi ƙarfin da zai ɗauka ba tare da ya takura ba. Wannan shi ne saiti, kuma shi ne zuciyar sana'ar. In ya yi ƙasa, magana ta dushe. In ya yi sama, yaro ya fizge na'urar ya jefar, ya ƙi yarda a sake sa masa. Saitin ba ya zama wuri ɗaya. Jijiya tana sabawa, sai a dawo a sake, sau da yawa a shekarar farko, daga baya kuma lokaci-lokaci har iyakar rayuwa.

Abin da bidiyon waya ba ya nunawa shi ne ranar farko ba kasafai take da daɗi ba. Manyan da suka taɓa ji suna cewa muryoyi duk iri ɗaya suke fitowa, sirara, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Dalili a fili yake: lafiyayyar katantanwa tana da ƙwayoyin gashi na ciki kimanin 3,500 masu rarrabe sauti, wayar dashe kuwa tashoshi 12 zuwa 22 gare ta. Sai an yi watanni ana saurare ana maimaitawa kafin ƙwaƙwalwa ta koyi fassara. Mu Hausawa muna da ƙarin aiki a nan, domin harshenmu yana da karin sauti, dashe kuma ya fi rauni wajen bambanta hawa da saukar murya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Darussan koyon saurare da aka tsara da Turanci ba su san da wannan ba. Yaron Chinade ko Madara yana bukatar mai koya masa da Hausa, wanda ya san inda kunnensa zai yi tuntuɓe.

Sai kuma hidimar kullum. Na'urar kaɗai dubban dalolin Amurka ce, ban da tiyata. Batir yana son caji kowace rana, a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna cin makirufo, ƴar wayar waje tana tsinkewa, kuma ba a sayar da ita a kasuwar Azare. Kowane zuwa saiti kuɗin mota ne, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, ko wani wuri da ya fi su nisa, gwargwadon inda aka yi aikin. In an cire sashen waje, lokacin barci ko wanka, mutum kurma ne kamar jiya. A ganina, mai hannu da shuni da zai biya kuɗin tiyatar yaro ya tafi, bai tanadi na batir da na zirga-zirgar shekaru ba, rabin alheri ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai wuyar.

Akwai kuma kuramen da ba sa neman dashe, kuma suna da hujja. Ƙasar Hausa tana da maganar hannu tata tun kaka da kakanni, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano kuma tun 1977 take koyar da ɗalibai. Kurman da ke ɗinki ko kafinta, yana da mata da ƴaƴa da majalisar abokai da suke hira har dare, in ya ce shi bai ga abin da za a gyara a jikinsa ba, gaskiyarsa ce. A Amurka an yi shekaru ana wannan jayayya tsakanin ƙungiyoyin kurame da likitoci. Abin da na tsaya a kai shi ne kada a hana yaro maganar hannu wai don ana jiran dashe. Shekarun farko na koyon harshe ba sa dawowa, kuma ranar da batir ya mutu, hannu ne zai yi magana. Mai awon ji da ya san aikinsa yakan gaya wa iyaye haka, yakan kuma iya cewa: "Alhaji, wannan yaron ba dashe yake bukata ba, makaranta yake bukata."

Masu wannan sana'a sun yi kaɗan ƙwarai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko mai awon ji ɗaya ga mutum miliyan guda, ya kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. A Najeriya da yawa daga cikin masu awon ji ta sashen ilimin masu bukata ta musamman suka fito, musamman a Jami'ar Ibadan. Azare tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh mai horar da malamai. Kirana gare su shi ne su ba wannan fanni muhimmanci, su yaye masu awon ji da masu koyar da magana da tafintocin maganar hannu, ƴan ƙasa masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci.

Kafin nan kuma, ya kai mai karatu, akwai abin da ke hannunka. A kai yara rigakafi. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko ya shekara bai waiwaya in an kira sunansa, kada a ce nauyin baki ne na gado. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma, a nemi a auna jinsa cikin mako huɗu da samun sauƙinsa, ko da yana amsa kira.