Dala, Jakara da Ruwan da Kano Ke Sha

Wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi ya waiga ko'ina, abin da zai gani rufin kwano ne iya ganin ido, sai hasumiyoyin masallatai, sai Gwauron Dutse can ta yamma. Kogi kam ba zai hango ba. Shi ya sa baƙo kan ɗauka Kano garin rana da ƙura ne kawai, alhali dutse da ruwa ne suka fara tara mutane a wurin.

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Ƙololuwarsa tana kan mita 534 daga doron teku, amma garin kansa a tudu yake, don haka yaro ma yana hawansa a guje. Darajarsa tana cikin ƙasarsa. Akwai tama a wurin, kuma masu binciken kufai sun gano alamun narka ƙarfe a gindinsa tun wajen ƙarni na 7. Mai ƙarfe yana da fartanya da mashi, mai tudu kuma yana hango mahara tun daga nesa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da bautar Tsumburbura a nan kafin zuwan Bagauda a 999, kuma da Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa, Dala tana ciki. Sauran duwatsun, irin su Magwan da Fanisau, kowanne da mutanensa a da.

Sai dai ba a shan dutse. Abin da ya riƙe mutane shi ne Jakara, rafin da ya ratsa tsakiyar birni. A da kurmi ne mai duhu da ake jin tsoron shigarsa, kuma a gefensa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da Jakara a matsayin tafki mai faɗi da ya raba birnin gida biyu. Ban da ita akwai kududdufai barkatai, waɗanda ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Ba wanda ya tsara su don tare ambaliya, amma aikin da suka yi ke nan ɗaruruwan shekaru: ruwan sama ya sauka, su haɗiye, ya tsiyaya a hankali ya cika rijiyoyin unguwa.

Yau idan ka ce wa matashi Jakara kogi ce, dariya zai yi maka. Shi lambatu ya sani. Ruwan wanka da na wanke-wanke daga cikin birni da Fagge a ciki yake ƙarewa, haka jini da kashin dabbobi daga mahauta, haka leda da robar lemo. Can gaba ta haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, su nufi arewa maso gabas har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Duk tsawon wannan hanya akwai masu lambu. Je ka Kwakwaci da rani: za ka ga ɗan injin ban ruwa yana kuka a bakin rafi, tiyo yana aman ruwa baƙi ƙirin mai kumfa, kuma a gefensa latas da kabeji da alayyafo sun yi shar, sun fi na ko'ina kyan gani, domin ruwan cike yake da taki. Amma ba taki kaɗai ke ciki ba. Binciken masana ya sha nuna ƙarafa masu guba, irin su dalma da sinadarin jimar fata, a ruwan da ƙasar da ganyen. Ƙwayar cuta tana mutuwa idan an dafa, ƙarfe kuwa ba ya dahuwa, taruwa yake a jiki. Ni dai ban ga laifin mai lambu ba. Kakansa ma a nan ya yi noma lokacin da ruwan ke da kifi. Wanda ya saki dagwalo ba tare da tacewa ba, da hukumar da ta gani ta kau da kai, su ke da amsar bayarwa.

Ruwan sha kuma daga kudu yake zuwa. Kogin Challawa ne ya fara ba birnin ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, lokacin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajen Tamburawa, inda ake da matatar ruwa, su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk albarkar Tiga ce. Amma nan ma rafin Salanta yana kwaso ruwan majemun Sharaɗa yana zubawa a Challawa. Ga kuma abin takaici: jihar da ke da waɗannan manyan madatsu, unguwanninta da yawa kurar ɗan garuwa suke jira kowace safiya.

A wa'adin gwamnati na 2011 zuwa 2015 aka fara rufe Jakara da kankare don a shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju. Mazauna gefenta suna da dalilin murna, don sun sha wari da sauro. Amma rufewa ba tacewa ba ce. Dagwalon yana nan yana tafiya a ƙarƙashin taya, zai kuma fito inda kankaren ya ƙare. Kududdufan ma ana ta cike su da bola ana yanka filaye, ana dasa shaguna da gidajen mai. Ruwan saman Kano kusan duka a wata huɗu yake sauka, mafi yawa a Agusta. Idan ya zo ya tarar an gina ramin da yake kwanciya, kwalbati kuma ta toshe da leda, sai ya shiga ɗakin wanda ya fi kusa, kuma galibi gidan ƙasa ne na talaka ke fara faɗuwa.