Sa hira a intanet ba adana ta ba ne

Makon jiya wani abokina ma'aikacin laburare ya same ni jiki a sanyaye. Kusan shekara biyu yana bin dattawa da wayarsa yana naɗar hira da su: tsofaffin masu ɗab'i, masu kwafar littattafan ajami, har da wani tsoho da ya yi zamanin katalog na kati, wanda ake jera wa a cikin durowa. Yana gyara hirarrakin ya sa a wani dandalin kyauta a matsayin fodkas, wato shirin sauti na intanet, ya kuma tura wa abokan aiki ta WhatsApp. Sai aka ƙwace masa waya a cikin A Daidaita Sahu. Da ya je shiga dandalin sai ya tarar ya manta kalmar sirri, imel ɗin da ya buɗe da shi ma a wayar yake. Hirarrakin da bai kai ga sakawa ba sun tafi, biyu daga cikin dattawan kuma sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu.

Na yi masa jaje, amma ban ɓoye masa ba: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mutumin da ke yi wa ɗalibai faɗa in sun naɗe kunnen shafi, wanda ke sa a yi wa kantoci feshi saboda gara, shi ne ya bar aikin shekara biyu a aljihun riga, babu kwafi ko ɗaya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ai na sa a intanet." Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba.

Jama'a, intanet kwamfutar wani ce. Manhajar da kake sauraron shiri da ita, Spotify ce ko Apple Podcasts, galibi nuna maka hanya kawai take yi. Ainihin sautin yana zaune a wurin kamfanin da mai shirin ya ajiye shi. Ranar da ya daina biyan kuɗi, ko kamfanin ya rufe, sai ka danna ka ji shiru. A 2019 MySpace ya sanar da cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na sama da shekara goma sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. Google da duk girmansa ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts a 2024. To, ina ga ƙaramin dandalin da ko sisi ba ka biya?

Masu aikin laburare a Amurka sun daɗe da irin waɗannan shirye-shirye, kamar Circulating Ideas da Steve Thomas ya fara a 2011 yana hira da 'yan'uwansa ma'aikata. Su ma sun hango wannan ramin, har wata ƙungiyar laburarori a New York ta fito da Preserve This Podcast don koya wa masu shiri yadda za su adana aikinsu. Mu kuwa, da muke da tarihin baka fiye da na takarda, mun fi kowa sakaci.

Abin yi ba shi da wuya. Ranar da ka naɗi hira, kafin ka kwanta, ka kwafe ta zuwa kwamfuta. Ka ajiye kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wajen gidanka, ko a ofis ko a wurin ɗan'uwa. Kada ka ce tsada: sautin awa guda mai kyau na MP3 bai wuce megabait 60 ba, filashi mai gigabait 32 zai ɗauki sama da awa 500. Ka riƙe asalin abin da ka naɗa tun kafin gyara. Ka daina barin suna irin "AUD-0047". Ka rubuta ranar, da garin, da wanda ya yi magana, da batun. Ma'aikacin laburare bai kamata a koya masa wannan ba. In mai maganar ya ba da izini, ka ɗora kwafi a Internet Archive, kyauta ne. Kalmar sirri kuma a rubuta ta a takarda, a sa inda ake ajiye takardun gida.

Kai ma mai sauraro, shirin da ya amfane ka, sauke shi ka ajiye tun yana nan.

Abokina ya sayi sabuwar waya, ya kuma sayi filashi biyu. Dattawa uku suka rage a jerin sunayensa, ya ce ranar Asabar zai koma wurin na farko da safe.